Ruwa Ya Gangara, Wuta Ta Hauro: Tarihin Dogaron Nijar da Madatsar Kainji

Duk wanda ya tsaya bisa gadar Kennedy a Yamai cikin watan Janairu zai ga abin da ya saɓa wa lissafin manomi. An yi wata uku ba a ga ɗigon ruwan sama ba, hunturu yana busawa, gonaki sun bushe, amma kogin Kwara, wanda Zabarmawa ke kira Isa Beri, cike yake har baki. Wannan ruwa damina ce ta zubar da shi a duwatsun Gine, ya tsaya ya huta cikin fadamun Masina a ƙasar Mali, sannan ya iso Yamai bayan watanni. Daga nan zai wuce Gaya, ya shiga Najeriya ta ƙasar Kabi da Yawuri, ya taru a tafkin Kainji. Can zai juya injuna, ya zama wutar lantarki, wutar kuma ta biyo waya ta dawo Yamai, ta tayar da famfunan Gudel masu ɗebo ruwan sha daga cikin wannan kogi dai. Ruwa ya gangara, wuta ta hauro, wutar kuma ta ɗebo ruwan. Tarihin wannan zagaye, da ribar da aka ci a cikinsa da hasarar da aka yi, shi ne abin da wannan maƙala za ta bi.

Darasin gyaɗa

Nijar ƙasa ce marar gaɓar teku, don haka tun kafin a yi zancen lantarki ta san ɗacin dogaro da hanyar maƙwabci. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Waɗannan tashoshi su ne suka buɗe wa gyaɗar Maraɗi da Tasawa da Magarya da Damagaram ƙofar teku, domin daga gonakin kudancin Nijar zuwa Kano tafiya ce gajera, daga Kano kuwa dogo ne har Ikko. Arzikin alhazan Maraɗi na farko a kan wannan hanya ya tsiro.

Sai dai Turawan Faransa ba su ji daɗin ganin amfanin gonar mulkinsu yana bin dogon Ingilishi ba. A shekarun 1950 suka ƙirƙiro tsarin da suka sa wa suna Hirondelle: manyan motoci su ɗauki gyaɗa daga Maraɗi zuwa Paraku a Dahome, inda dogon Kwatano ya tsaya, su dawo da kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa. Hanyar ta fi ta Kano nisa da tsada, sai da tallafi take tafiya. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahome da Nijar mai kula da dogon da sufurin. Shekara huɗu bayan haka, a ƙarshen 1963, rikici ya tashi tsakanin ƙasashen biyu a kan tsibirin Lete da kuma korar ma'aikata ƴan Dahome daga Nijar, sai aka toshe hanyar Kwatano. Kaya suka yi zaune a tashar ruwa, ƴar ƙasar da ba ta kai shekara huɗu da samun ƴancin kai ba ta ga cewa maƙogwaronta yana hannun wani. Maganar Lete kanta ba ta ƙare ba sai a 2005, ranar da Kotun Duniya ta Hag ta ba Nijar tsibirin.

Hanyar Najeriya ma ba ta rasa nata rufin ba. A watan Afrilu 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe su ba sai a 1986. Rufin ya faɗo daidai da fari mai tsanani, hatsin da aka saba shigowa da shi daga kudu ya yanke, har mutanen karkara suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan El Buhari. Abin da ya ceci Nijar a 1963 shi ne tana da ƙofar Kano, abin da ya rage mata raɗaɗi a 1984 shi ne tana da ƙofar Kwatano. Ƙofa biyu, kowacce da mai mabuɗinta daban. A fannin lantarki ba a samu wannan sa'a ba.

Yadda aka ɗaura waya

An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Tafkinta ya haɗiye tsohon garin Busa, aka tayar da mutum fiye da dubu 40 aka sake musu matsuguni. Da aka kammala saka injunanta takwas, ƙarfinta ya kai megawat 760, abin da ya zarce bukatar Nijar ta wancan zamani nesa ba kusa ba. A shekarar 1968 ɗin dai aka kafa kamfanin NIGELEC a Nijar, wanda ya gaji injunan gazuwal masu haskaka Yamai da ƴan manyan garuruwa. Kowace lita ta man da injunan ke sha sai ta yi tafiyar kilomita sama da dubu daga Kwatano, rabi a jirgin ƙasa, rabi a mota.

Lissafin bai yi wuya ba. Ga maƙwabci da wuta mai arha wadda ta yi masa yawa, ga kuma gida da wuta mai tsada wadda ba ta isa. A 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai, aka ƙulla yarjejeniyar sayen wuta a farkon shekarun 1970, sannan tashin farashin man fetur na 1973 ya ƙara tabbatar wa mahukunta cewa sun yi dabara. A 1976 layin kilobolt 132 ya fara aiki daga Birnin Kabi zuwa Yamai, ta Doso, tsawon sama da kilomita 250. A 1994 aka ja layi na biyu daga Katsina zuwa Gazawa, ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Maraɗi, ɗayan ya nufi Damagaram.

Me Najeriya ta samu a ciki, bayan kuɗin wuta? Amsar tana cikin ruwan nan na Janairu. Kainji tana cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, na damina, mai laka, wanda ke zuwa daga Gulbin Kabi da sauran rafukan kusa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso daga Gine ya zubar da lakarsa a Masina, ya iso tsakiyar rani. Ba don baƙin ruwa ba, da injunan Kainji da na Jaba da ke ƙasa da ita sun yi rauni cikin watannin da ba a ruwan sama. Wannan baƙin ruwa kuwa sai ya ratsa ƙasar Nijar kilomita sama da 500 kafin ya ga Najeriya. Jami'an Najeriya sun sha faɗa a bainar jama'a cewa ana ba Nijar wuta ne domin kada ta datse kogin daga sama. Ko yaya aka rubuta abin a takarda, ma'anarsa a fili take: cuɗe ni in cuɗe ka. Ɗaya yana riƙe da ruwa, ɗayan yana riƙe da waya.

Ribar da aka ci

Rashin adalci ne a kalli wannan yarjejeniya da idon 2023 kaɗai. Shekara arba'in da ƴan kai Nijar tana shan wutar da ta fi wadda za ta iya samarwa da gazuwal arha. Da ita aka tafiyar da famfunan gandayen shinkafa na bakin kogi waɗanda hukumar ONAHA ke kula da su tun kafa ta a 1978. Da ita injin niƙa ya maye gurbin turmi a unguwannin birane, masu walda da masu ɗinki da masu sayar da ƙanƙara suka samu sana'a, asibitoci suka ajiye jini da alluran rigakafi cikin sanyi. Kuɗin da za a zuba a ginin manyan tashoshi ya tafi wasu wurare. Ƙasa matalauciya wadda ta ƙi irin wannan tayi a 1972 da an ce ba ta san ciwon kanta ba.

Inda aka yi sake shi ne abin da ya biyo baya. A ƙidayar 1977 mutanen Nijar kimanin miliyan 5 ne, na Yamai ba su kai dubu 250 ba. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan 17, Yamai kaɗai ta wuce miliyan 1. Wayar da aka ja wa ƙaramin gari ita ce ta ci gaba da ɗaukar babban birni. Arhar wutar Kainji ta sa duk wani shiri na gina tasha a gida ya zama kamar ɓarnar kuɗi idan aka auna shi da ita, sai aka yi ta ɗage shi. Haka aka wayi gari, kafin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa.

Gargaɗi biyu

Tarihi ya yi gargaɗi tun da wuri, kuma sau biyu. Na farko daga ruwa ya zo. A watan Yuni 1985, bayan farin 1984, kogin Kwara ya daina gudu a Yamai, abin da ba a taɓa rubutawa ba tun da aka fara auna shi. Mutane suka taka da ƙafa inda jiragen kwale-kwale ke wucewa. Babban birnin ƙasa ya tsaya a bakin ƙishirwa, abin da ya sa daga baya aka gina shinge a Gudel domin tare ruwan sha na ƙarshen rani. A nan aka gane cewa fari ɗaya yana iya bugun abu uku a lokaci guda: ruwan sha, shinkafar bakin kogi, da tafkin da ke ba da wuta.

Gargaɗi na biyu daga waya ya zo. A 2013 turakun ƙarfe na layin Birnin Kabi suka faɗi, Yamai da Doso da Tilaberi suka yi makonni cikin ɗauke-ɗauken wuta a lokacin zafi. Babu rikici tsakanin gwamnatoci, babu wanda ya nufi kowa da sharri. Turaku kaɗan ne suka kwanta a daji, sai famfo ya ƙafe a unguwanni, domin tankunan ruwa ba sa cika sai famfunan lantarki sun tura. Mai sayar da kifi ya yi hasara, ma'aikatu suka koma kan janareto, layin mai ya yi tsawo. Tashar Gorubanda mai megawat 80, wadda aka buɗe a 2017 a hannun dama na kogi, amsa ce ga irin wannan rana.

Kandaji, madatsar da ake jira

Tun shekarun 1970 ake zancen datse kogin a Kandaji, kimanin kilomita 180 arewa maso yammacin Yamai, cikin jihar Tilaberi. Kuɗin yuraniyom ne ya sa aka yi mafarkin, faɗuwar farashinsa a farkon shekarun 1980 ta sa aka naɗe takardun. Hukumar Kogin Kwara, wadda aka sake wa fasali a 1980 kuma take da mazauni a Yamai, ita ce zauren da ƙasashe tara masu rabon kogin ke tattaunawa. A taron shugabanninta na Afrilu 2008 aka amince da kundin rabon ruwa da kuma shirin manyan madatsu uku: Fomi a Gine, Tawsa a Mali, Kandaji a Nijar. A watan Agusta na wannan shekara Shugaba Mamadu Tanja ya aza tubalin farko. Kamfanin Rasha da aka ba aikin bai kai ko'ina ba, aka soke kwangilarsa a 2013. A 2019 aka sake ƙaddamar da aikin da kamfanin Gezhouba na Sin, shi ma ya dakata a 2023 da masu ba da rance suka rufe aljihu.

An tsara Kandaji ta ba da megawat 130, ta shayar da hekta dubu 45, ta kuma tabbatar da cewa ruwan da ke wucewa Yamai ba zai gaza kubik mita 120 a daƙiƙa ba ko a tsakiyar bazara, wato kada 1985 ta maimaita kanta. Tafkinta kimanin kubik mita biliyan 1 da rabi ne, kusan kashi ɗaya bisa goma na tafkin Kainji, don haka tsoron cewa za ta shanye kogin ya wuce kima. Amma ita ma ba ƴantacciya ba ce. Abin da zai shiga tafkinta ya dogara da damina a Gine, da abin da Selinge ta saki, da abin da Markala ta karkatar zuwa gonakin shinkafa da rake na Mali. Kuma sai an tayar da dubban iyalai a yankin Ayoru, kamar yadda aka tayar da mutanen Busa. Wanda ya gina Kandaji ya rage dogaro da maƙwabcin kudu, ya ƙara dogaro da maƙwabtan yamma.

Shekarar da aka rufe ƙofofi tare

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Ranar 30 ga wata ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, a farkon Agusta kuma Najeriya ta katse wutar. Abin da bai faru ba a 1963 ko a 1984 shi ne ya faru: ƙofar Kano da ƙofar Kwatano da wayar Birnin Kabi da ta Katsina duk suka rufe a mako ɗaya, domin a wannan karo hukunci ɗaya ne ke riƙe da mabuɗansu duka.

Nan sarƙar ta bayyana ƙarara. Da wuta ta yanke, sai aka koma kan injunan mai. Mai kuwa, alhamdu lillahi, akwai matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin ganga dubu 20 a rana, ba don ita ba da duhun ya fi haka. Amma man matatar sai ya hau tankoki ya bi hanya mai lamba 1 kilomita kusan 900 kafin ya isa Yamai, kayan gyaran injuna kuma sai sun zo ta teku, tekun kuwa a rufe. Magunguna suka maƙale a Kwatano, motocin kaya suka yi jerin gwano a Malanbil, aka koma zagayawa daga Lome ta Burkina Faso da rakiyar soja. A Damagaram, inda ruwan sha ke zuwa daga rijiyoyin Gogo da Macaya da Arunguza ta hanyar famfuna, kowace sa'a ta rashin wuta sa'a ce ta rashin ruwa.

Ko arewa, wadda ke da tata tashar gawayi ta SONICHAR a Anu Araren tun 1981 kuma ba ta haɗe da wayar Najeriya, ba ta tsira ba. An gina tashar ne domin ma'adinan Arlit, su ne manyan masu sayen wutarta. COMINAK ta riga ta rufe a 2021. Yuraniyom ɗin SOMAÏR kuwa, kafin a rufe iyaka a 2023, ta Paraku da Kwatano yake fita, sinadaran sarrafa shi ta nan suke shigowa. Da hanyar ta toshe, mai sayen wutar ya raunana, mai sayarwa ma ya ji a jikinsa.

CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, wutar Najeriya ta dawo a watan Maris. Amma shekarar ba ta ƙare ba sai da ta ƙara darasi. A watan Mayu ɗanyen man Agadem, wanda ya bi bututu mai tsawon kusan kilomita dubu 2 zuwa Seme a gaɓar Benin, ya zama abin ja-in-ja tsakanin Yamai da Kwatano. A watan Agusta ambaliya ta yanke hanyoyin shiga Yamai har mai ya yi ƙaranci a birnin. A watan Oktoba kuma lalata layin Shiroro zuwa Kaduna ya jefa yawancin arewacin Najeriya cikin duhu na kwanaki, aka tuna cewa wayar Katsina wutsiya ce ta wata doguwar waya wadda ita ma take da nata raunin.

Ma'aunin da tarihi ya bari

Daga waɗannan shekaru sittin ana iya fitar da tambayoyi uku waɗanda ya kamata a yi wa kowane babban aiki kafin a aza tubalinsa. Ta farko: idan ya tsaya, me zai tsaya tare da shi, kuma kwana nawa jama'a za su iya jurewa? Gari yana jure rashin fitila mako guda, ba ya jure rashin ruwa kwana uku, don haka tashar tura ruwa da ɗakin tiyata sun fi cancantar wutar ko-ta-kwana fiye da komai. Ta biyu: wa ke riƙe da mabuɗi, kuma me yake samu idan ƙofar ta zauna a buɗe? Yarjejeniyar Kainji ta daɗe ne domin kowane ɓangare yana da abin da yake tsoron rasawa. Ta uku, wadda aka fi mantawa: abin da aka tanada domin ranar wahala, shin tushensa ɗaya ne da abin da ake tsoron ya lalace? Janareton da mansa ke bin hanyar da ambaliya ta yanke ba tanadi ba ne. Ƙofa biyu masu mabuɗi ɗaya ƙofa ɗaya ce.

Ba a nufin a yanke waya a zauna a kaɗaice. Ƙasar da kogin da take sha ya fito daga Gine, tekun da take sauke kaya yake Benin ko Togo, kasuwar dabbobinta da wakenta take Najeriya, ba ta da zaɓin kaɗaici. Zaɓin da take da shi shi ne ta yawaita igiyoyin, ta kuma sa su zama masu ɗauka da kawowa. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, ta 2018, da ta Gorubanda mai megawat 30, wadda ta fara ba da wuta a ƙarshen 2023 tsakiyar takunkumi, sun nuna cewa akwai tushen da ba ya bin iyaka ko hanyar mota, ko da yake shi ma yana barci da dare. Babban layin kilobolt 330 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2022 domin haɗa Birnin Kabi da Yamai da Wagadugu da Malanbil an tsara shi ne yadda wuta za ta iya tafiya ta kowace fuska. Ranar da Nijar za ta tura wutar rana kudu da tsakar rana, ta karɓi wutar ruwa da dare, ranar ce mai katse waya zai fara da katse wa kansa.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Gargaɗin 1985 da na 2013 sun ba da lokacin fafewa, aka yi wani abu, aka bar da yawa. Baƙin ruwa dai zai sake wucewa ƙarƙashin gadar Kennedy a Janairu mai zuwa kamar yadda ya saba, ya nufi Kainji. Yawan abin da zai dawo ta waya, da abin da za a yi ranar da bai dawo ba, wannan yana hannun masu tsara ayyukan ƙasa tun yau.